Badukun Masu Algaitar Scotland

Hadiza, ke kika kwaso mini abokan karatunki daga jami'a, kuma da kunnena na ji kina ce musu, "Aikin Kawu ba wuya, na ga bidiyonsa, fata ce a ninka biyu a ɗinke." Ba ki yi ƙarya ba, ɗiyata. Fata ce, ana ninka ta, ana ɗinkewa. Amma tun da kun hawo taram kun zo har shago kuna so ku koya ku riƙa sayarwa a intanet, ku ja kujeru tukuna. Shayi na kan wuta. Ba zan miƙa wa kowa basilla ba sai ya ji yadda aka koya mini wannan aiki.

Wancan abin da ke rataye a bango, Faransawa na ce masa kornemiz. Ni tun ranar da na fara ganinsa nake kiransa algaita mai salka, don ban sami sunan da ya fi dacewa da shi ba. Kayan busa ne na mutanen Scotland. Mai busa yana hura iska ta bututu zuwa cikin salkar fata da ke ƙarƙashin hammatarsa, yana matsa ta da gwiwar hannu, iskar ta fita ta sanduna uku masu gunji da ke kan kafaɗarsa, da kuma sarewar da yake taɓa ramukanta da yatsu. Mai algaitarmu, kumatunsa ne ma'ajiyar iska. Su kuwa sun ɗora wa fatar tunkiya wannan aiki. Sanduna da sarewa aikin masassaƙa ne. Nawa salkar ce kawai, kuma da ita nake ciyar da iyalina tun ba a haife ku ba.

A Damagaram aka haife ni, a gidan dukawa cikin Birni. Ubana takalma yake yi, da jakunkuna, da kuben wuƙa, kuma tun ina ƙarami na iya murza zare a cinya. Na zo Paris cikin ayarin masu sana'ar hannu da aka kawo baje koli. Baje koli ya ƙare, 'yan uwa suka koma, ni na tsaya wurin wani mutumin garinmu a unguwar Belleville. Na daɗe ina shimfiɗa 'yan jakunkuna a kan ƙaramin tebur kusa da bakin tashar jirgin metro, ido ɗaya kan kaya, ido ɗaya kan polis.

Wata safiya mai sanyi wani dogon Bature mai farin gemu ya tsaya gaban teburina. Ya ɗauki wata jakar kuɗi ta jar fata, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da farce. Sai kawai na ga ya tattara bakinta, ya sa a bakinsa ya hura, ya kara a kunne yana saurare.

Ya ce da wani Faransanci mai nauyi, "Wa ya ɗinka wannan?"

Na ce, "Ni ne, mushe," yadda muke faɗin kalmar girmama namiji ta Faransanci.

Ya ce, "Tana yoyo."

Na ce, "Jakar kuɗi ce, mushe. Ba wanda ya taɓa ba ni iska in ajiye masa."

Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce ɗinkin ya miƙe, hannun da ya yi shi ba ya rawa, in ina son aikin da ba a gudun polis, in bi shi in ga wani abu.

Sunansa Alasdair. Ban taɓa iya faɗinsa daidai ba, Malam Alasta nake ce masa, shi ma bai taɓa iya cewa Isuhu ba, Yusif yake kirana. Mutumin wani tsibiri ne a yammacin Scotland. Yana saurayi ya zo Paris yin busa a wani gidan wasan kwaikwayo, aikin da aka ce na 'yan watanni ne, ya zauna har ya yi furfura. Da yatsunsa suka fara sandarewa, busa ta gagara, sai ya koma ɗinka wa wasu salka. Lokacin da ya tsince ni, idonsa ne kuma ya fara gazawa. Shagonsa yana can ƙarshen wani tsakar gida, bayan gidan abincin wasu 'yan Tunisiya. In ka tura ƙofa, ƙamshin kakin zuma da warin fata da hayaƙin lofe su ke fara yi maka maraba. Har yau in na narka kaki da safe, wannan ɗakin nake gani.

Aikin farko da ya ba ni shi ne zaɓen fata, kuma na daɗe a kansa ban taɓa allura ba. Fatun tunkiya suna zuwa daga Scotland a ɗaure, farare, an jeme su da alif, ba da bagaruwa irin namu ba. Sai ka ɗauki kowace ka ɗaga ta jikin taga, hasken rana ya ratsa. Inda kaska ta ciji tunkiya, inda ƙaya ta karce ta, inda wuƙar mai fiɗa ta zarce, duk sai su fito kamar taurari. A takalmi waɗannan ba komai ba ne, ka yanke ka wuce. A salka kuwa ramin da ido bai gani sosai ya isa ya kunyata mutum a tsakiyar biki. A cikin ɗauri guda, da yawa sai mun mayar da su gefe a yi wani abu da su.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Ga su nan, wasu nasa ne ya bar mini. Aska mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, ta yanka. Ƙarfen huda ramukan da sanduna ke shiga. Wannan katakon mai baki biyu, tsakanin gwiwoyi ake matse shi ya riƙe fatar, hannuwanka biyu su sami sakewa. Zaren lilin da ake ja cikin kaki har ya yi santsi. Basilla kuwa tawa ce, ta ubana, daga Birni na zo da ita. Ya duba ta, ya gwada a fata, ya ce ta fi tasa, ya sa tasa a aljihun tebur.

Ranar da ya ce in fara ɗinki, ya ɗauko wani ƙunshi na gashi mai tauri, ya nuna mini yadda ake liƙa shi a bakin zare ya zama allura. Na tambaye shi gashin me ne. Ya ce na alade. Na ajiye, na ce, "Malam Alasta, wannan kam sai dai kai." Bai yi gardama ba. Ya sa hularsa ya fita, ya dawo da siraran allurai marasa tsini daga wurin wani mai gyaran sirdi. Ya ce kakansa zai yi fushi a kabari, amma kakansa ba shi zai yi ɗinkin ba. Haka muka yi kuma a kan jiƙon da ake zuba wa salka a ciki don ta toshe ƙofofin gashi ta yi laushi. Yana haɗa shi da zuma da wasu abubuwa, yana ɗiga masa barasar ƙasarsu. Na ce hannuna ba zai shiga ba. Ya ce dama ɓarna ce, ya daina ɗigawa a tukunya. Inda ya koma ɗigawa, ban tambaya ba.

Salkata ta farko na ɗinka ta da duk ƙwarewar gidanmu. Ana ninka fatar, a ɗora wani siririn ƙyallen fata a kan bakin, a huda da basilla, allurai biyu su ratsa rami ɗaya, wannan daga dama, wannan daga hagu, a ja da ƙarfi iri ɗaya. Na gama, ɗinki ya yi kyau kamar a kai kasuwa. Ya toshe ramukan da toshiya, ya hura ta ta yi tam, ya ajiye a ƙasa ya ce, "Zauna a kai." Na zauna. Ya dafa shayi, ya miƙo mini, muna sha muna hira. Kafin in kai ƙasan kofi na ji ɗuwawuna sun taɓa daɓe. Ya ɗauki aska ya farke ɗinkin tun daga wuya har gindi, ya nuna mini inda na ja zare da ƙarfi ya yanki fatar, da inda na gaji na sassauta. Ya ce, "Yusif, mai busa numfashinsa yake ba ka ajiya. In ka zubar masa, tun bai kai rabin waƙa ba zai ga jiri." Ban san iyakar salkunan da na zauna a kai suka kai ni ƙasa ba kafin a sami wadda ta ɗauke ni har shayi ya ƙare. Wannan ne bidiyonku bai nuna ba, don ba mai son kallon mutum zaune kan fata yana jira.

Da yake hannu ke aiki baki na hutawa, mun yi hira da yawa a ɗakin nan, da Faransancin da ba na uwar kowa ba ne a cikinmu. Na zaci Turanci ne harshensa. Ya ce a'a, a tsibirinsu Galik ake yi, sai da ya shiga makaranta ya ji Turanci, kuma in malami ya kama yaro yana Galik, bulala ce. Na ajiye basilla na ce, "Mu ma a lakkal, makarantar boko, in ka yi Hausa, wani ƙashi ake rataya maka a wuya, ka yi ta yawo da shi har ka kama wani ka miƙa masa." Daga ranar in ya shigo da safe sai ya ce, "Ina kwana," ni kuma in mayar masa da gaisuwar tsibirinsu. 'Yan Tunisiya na jin mu suna dariya.

Masu zuwa shago iri-iri ne. Akwai mutanen Bretanyi ta yammacin Faransa, su ma suna busa irin wannan algaita, suna zuwa ƙungiya guda, suna ciniki kamar 'yan kasuwar Dole ta Damagaram. Akwai 'yan Scotland mazauna Paris, injiniyoyi da malaman makaranta, waɗanda a gida ba su damu da busa ba, sai da suka yi nisa suka aika a kawo musu algaitar kakansu daga saman kabad. Duk lokacin da 'yan ƙwallonsu suka zo wasa da Faransa kuwa, tsakar gidan nan cika yake da maza ɗaure da zanen nan nasu mai kalmasa da suke kira kilt, ƙwauri a waje cikin sanyi, kowa na so a ɗaure masa sanda ko a toshe masa yoyo kafin la'asar. Kowane dangi da irin ratsin yadinsa, kamar yadda a da ake gane mutum da tsagen fuskarsa.

Na tuna wani Bafaranshe mai kantin magani da ya gano wai kakan kakansa daga Scotland ya zo. Ya shigo da kilt sabo fil, da 'yar jakar gaba mai gashi, da wuƙa a safa, yana tambayar Malam Alasta ko ratsin da ya saya shi ne na danginsa na gaskiya. Malam Alasta ya duba ya ce ya yi kyau. Da mutumin ya fita na ce, "Na danginsa ne?" Ya ce, "Ina na sani? Ubana masunci ne, har ya mutu ban taɓa ganinsa da kilt ba, wandon roba yake sawa. Amma mutumin nan yana tashi da asuba yana koyon busa kafin ya buɗe kanti. Wanda ya yi wannan, ba ni zan ce masa ba namu ba ne."

Aikin da ya canza mana yadda muke yanka salka, wata mace ce ta kawo shi. Sunanta Morag, 'yar birnin Glasgow na Scotland, ƙaramar mace, ba ta kai kafaɗata ba. Aikin ofis take yi a can, na inshora, ta ajiye ta ce busa za ta ci da ita. Uwarta ta yi wata da watanni ba ta yi mata magana ba. Ta zo Paris tana busa a kan gada, masu yawon buɗe ido na jefa mata 'yan canji. Ta shigo mana hannunta na hagu ya kumbura, ta ce salkar ta fi ƙarfinta, sai ta miƙe kafaɗa kafin yatsunta su kai sarewa. Malam Alasta kwali ɗaya gare shi da yake ɗora wa fata ya zana, wanda ya gada, an yi shi don ƙartin sojoji. Ya ce haka salka take, mai busa ke sabawa da ita.

Ta ce, "To ku ba ni aska in yanka da kaina."

Na ce masa a gidanmu ba a ɗinka takalmi sai an auna ƙafa. Ya ce to in auna. Ni kuwa ba zan taɓa jikin matar mutane ba, sai na ɗauko matashin kujera na ba ta ta matse a hammata, ina rage audugar ciki tana gwadawa, har ta ce, "Nan ne." A kan matashin nan na yanka sabon kwali, na ɗan lanƙwasa wuyan salkar don sarewa ta sauko inda hannunta yake. Malam Alasta yana ta gunaguni da Galik. Da ta dawo ta gwada, ta yi busa a tsakar gida har mai dafa abincin 'yan Tunisiya ya fito da ludayi a hannu, sai ya ɗauki kwalin ya rataya kusa da na kakansa. Daga nan mata da yara suka fara zuwa.

Morag ta sha wuya kafin sana'ar ta riƙe ta. Ta yi bukukuwan aure, ta yi jana'iza, ta yi tallan kanti sanye da kayan da ba ta so. Daga baya ta haɗu da wasu makaɗa, ɗaya ɗan Mali mai kaɗa kora, molonsu mai tsirkiya da yawa, suka riƙa haɗa kiɗansu. Wasu dattawan ƙasarsu suka ce ta ɓata gado. Ta zo tana ba Malam Alasta labari ranta a ɓace. Ya ce mata waƙoƙin da suke kira gado, su ma wata rana wani ne ya ƙaga su, kuma tabbas an zage shi. Ta ƙarasa ta sami aikin koyar da busa a nan Lyon, ta taso.

An yi lokacin da salkar roba mai zif ta fito daga masana'anta, ba ta son jiƙo, ba ta bushewa. Aiki ya ja baya, muka koma ɗinka jakunkunan gaba da ɗamara. Amma masu kunne suka dawo da kaɗan-kaɗan, suka ce fata tana shan danshin numfashi, muryar sanduna ta fi zama. Ba mu koma kamar da ba, amma ba mu rufe ba.

Abin da ya rufe shagon tsufa ne. Idon Malam Alasta ya kai inda ba ya ganin ramin basilla, ƙanwarsa ta matsa ya koma tsibiri. Mai gidan ma yana son ɗakin. Yanzu in kun je wurin, kofi ake sayarwa, an bar ƙugiyoyinmu a bango wai ado. Ya raba kayansa, ya ba ni aska da katakon matsi da kwalaye, ya rubuta wa majemin da ke aiko masa fata cewa daga yau Yusif ne. Na raka shi tashar jirgi da akwati biyu. A shekarar ce Mariyama, matata, ta sami aiki a kicin ɗin wani asibiti a nan Bron, gefen Lyon, muka taso, na kama wannan garejin na mai da shi shago. Morag ce ta kawo mini ɗalibanta, su suka zama masu sayena na farko. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan kira tsibiri. Ba ya tambayar lafiyata sai ya tambayi fatun da aka aiko, masu kyau ne ko majemi ya fara wasa.

Sai shekarar annoba. Kun san ta, kuna makarantar lise a lokacin, amma ba ku san ta daga wannan kujerar ba. Ba biki, ba taro, ba makarantar busa. Abin da ake hurawa da baki ya zama abin tsoro. Waya ta yi shiru. Kafin a farfaɗo daga wannan, sai ga maganar duwan, wato kwastan, tsakanin ƙasarsu da Turai, majemin ya ce ɗan ƙaramin mai aiki kamarsa ba zai iya da takardun ba, ya dakatar da aikowa. Fatar tunkiya ta ƙare mini ƙaf. Na koma gyaran jakunkunan mata da takalman maƙwabta. Masu busa da na sani, wani ya koma tuƙin motar kai kaya, wani ya koma gida. Morag ta shiga jera kaya a babban kanti. Ta sa algaitarta a akwati ta tura ƙarƙashin gado, don maƙwabtanta duk suna gida, ba mai son gunji ta bango.

Ana cikin haka wata ranar Talata ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Isuhu, Alasdair ya rasu jiya." Ƙanwarsa ce ta sanar da ita. Za a binne shi ranar Asabar, mutane kaɗan aka yarda su je, kuma mai busa ɗaya da ya rage a tsibirin tsoho ne, an hana shi fita. Ƙanwar ta roƙa ko Morag za ta busa masa ta waya, a kara a bakin kabari. Ta ce, "Na amsa mata. Yanzu na buɗe akwati, salkar ta bushe ta tsage a wuya. Kana da fata?"

Na ce, "Ba ni da ko ɗaya."

Na ce ta kawo sandunan tukuna.

A saman kabad ina da jajayen fatun akuya da yayana Sani ya aiko mini daga Damagaram tun kafin annoba, jimar bagaruwa, don 'yan jakunkuna. Ban taɓa yin salka da irinsu ba, Malam Alasta ma bai taɓa ba. Na sauko da su na ɗaga kowace jikin taga. Yawancinsu ƙanana ne, ko kuma ƙaya ta yi musu illa, kun san akuyar gida da shiga sarƙaƙiya. Guda ɗaya ta wani babban bunsuru ta fito da tsabta. Na ɗora kwalin Morag a kai, ya shiga da ƙyar, ba sauran da za a gyara kuskure. Fatar akuya ta fi tauri, ba ta miƙewa kamar ta tunkiya, sai na matso da ramukan basilla kusa da juna, na ƙara kaki a zare. Na dafa jiƙo, na zuba da ɗumi, na murza, na rataye ta ta tsane. Washegari na toshe ta na hura na zauna a kai. Ta sauka a hankali. Na sake jiƙo, na sake murzawa har tafin hannuna ya yi ja. Ranar Juma'a ta ɗauke ni. Na gaya wa Morag gaskiya, wannan ba salkar shekara ba ce, amma za ta kai gobe. Na ɗaure sandunan da zare mai kaki, na ɗauko rigar karammiski da ake sa wa salka. Ta ce in bar ta haka, ja, yadda take.

Gidanta ba fili, sai muka yi shawara ta zo tsakar benayenmu, nan bayan shago inda yara ke ƙwallo. Ta cika takardar izinin fita ta zo da ƙafa. Ranar Asabar da hantsi, ana ɗan yayyafi. Ni na riƙe wayar. A ciki ina ganin ciyawa, da teku a baya, da mutane kaɗan cikin baƙaƙen kaya tsaye nesa da juna, iska na kaɗa su. Ƙanwarsa ta matso da fuskarta ta ce, "Kai ne Yusif?" Na ce ni ne. Ta ce, "To, mun shirya."

Morag ta hura, jar salkar ta cika, ta buge ta da tafin hannu, sandunan suka kama. Watanni ba ta busa ba, amma sautin ya tsaya. Irin busar nan ce tasu ta makoki, mai tafiya a hankali, tana komawa kan kanta tana ƙara ado kaɗan-kaɗan. Tana yi tana taku, ta je ta dawo, ni ina bin ta da waya. Idona na kan wuyan salkar, inda na fi tsoro. Ba ta saki ba.

Ban lura da tagogi ba sai can. Benayen nan huɗu da suka kewaye filin, mutane sun gaji da zaman ɗaki, duk sun leƙo: Larabawa, 'yan Mali, 'yan Komoro, tsofaffin Faransawa. Na zaci za a yi mana ihu a ce mun dame su. Sai na ga sun tsaya suna saurare. Da ta kai ƙarshe ta ɗauke hannu, sautin ya yanke lokaci ɗaya yadda ake so, sai ƙarar yayyafi kawai. A cikin waya na ga sun fara zuba ƙasa.

Wata tsohuwa 'yar Aljeriya da ke hawa na uku, wadda nake gyara wa takalma, ta leƙo ta ce, "Isuhu, lafiya? Wa ya rasu?"

Na ɗaga kai na ce, "Maigidana ne, Hajiya. Wanda ya koya mini aiki."

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Na kusa da ita ya faɗa, na sama ya karɓa, wani da Larabci, wani da Bambaranci, wani da Faransanci, gaisuwar ta bi tagogi tana zagaya filin. Ƙanwar Malam Alasta ta ce daga cikin waya, "Me suke cewa?" Morag ta matso, salkar na hammatarta tana saki a hankali, ta ce mata, "Maƙwabta ne. Suna yi wa iyalinsa ta'aziyya."